Hannun Mamaci a Kan Waya

Shafi na 31

Na ga saƙonninku. To, ga Sufeto ya iso.

Jirgin hantsi ba ya sauke kowa a wannan 'yar tasha. Buhun wasiƙu ake cillowa, ya yi gaba abinsa. Yau kam ya tsaya cak, ya fesar da tururi, wani dattijo ya sauko riƙe da jakar fata da sanda.

Auta ta hango shi ta tagar ofishin waya. Yatsunta biyu na kan madannin tangaraho, tana tsakiyar gaya wa tashar gaba cewa jirgi ya iso. Hular ta fara gani, mai jan zare a gefe. Mutum ɗaya ne ke sa irinta a duk tsawon layin dogo.

Ba ta yanke saƙon ba. Babanta ya sha faɗa mata, mai waya ko gobara ce a bayansa sai ya ƙarasa abin da ya fara. Ta buga harafin ƙarshe, ta miƙe kamar an tsikare ta.

"Akawu! Kujerarka, maza!"

Mijinta na gefe yana cike littafin jirage da hannun hagu. Ya ɗago.

"Lafiya?"

"Sufeto."

Alƙalamin ya suɓuce masa.

"Ai ba a aiko ba."

"Mai kama ɓarawo sallama yake aikowa? Zauna. Ɗora hannun dama a tebur, ka danne shi da na hagu, kamar mai tunani."

Wata takwas ke nan suna wannan wasan. Baban Auta ya yi shekara talatin yana buga wayar tangaraho a tashar, ya rasu, kamfani ya ba ta wata ɗaya ta kwashe kakarta su bar gidan. Sabon akawun da aka turo ya zo da ciwon da masu waya ke tsoro: hannun dama ba ya tsayawa cak, da ya taɓa madanni kuwa sai rawa. A rana ta biyu ta gane, daga kicin, da kunne kawai. Ita ta same shi da maganar. Dokar kamfani ta ce gidan tasha na mai iyali ne, ta kuma ce mace ba ta taɓa waya. To, ya aure ta, gida ya tsira. Ta buga masa waya a ɓoye, aikinsa ya tsira. Suka rubuta a takarda: ɗakinsa daban, nata daban, ranar da hannun ya warke kuma ya sama musu matsuguni, ya sawwaƙe mata.

Kaka ta leƙo ta ƙofar da ta haɗa ofis da gida.

"Wa ya mutu kuke guje-guje?"

"Kaka, don Allah yau ki kurumce."

"Ni da nake kurma tun bara? Ba a gode min ba ne kawai."

Sallama ta katse su. Sufeto ya shigo, ya cire hula, ya durƙusa wa Kaka har ƙasa.

"Iya, ya ƙarin haƙurinmu? Tare muka koyi aiki da ɗanki. Benci ɗaya."

"Iye? Benci ya karye?"

"Na ce ya haƙuri!"

"Da godiya. Ka tsufa."

Ya yi dariya, ya miƙe da taimakon sanda. Idonsa ya zagaya ɗakin: agogo, littafin jirage, tulunan batir a ƙarƙashin tebur. Ya tsaya a kan kujerar Akawu. Auta ta bi idon. Zanen da take ninkewa ta zauna a kai don ta kai tsayin tebur yana nan, gefensa na leƙowa a ƙarƙashin mijinta.

"Ciwon basir ne, Akawu?"

"Ranka ya daɗe?"

"Na ga kana zama kan zane."

"Katakon ne da tauri, ranka ya daɗe."

"Haka ne. Shekara talatin marigayi bai lura ba."

Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora jakar a cinya.

"Ba zan ɓata muku lokaci ba, jirgin la'asar zan bi. Ka san abin da ya kawo ni?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Wata takwas ina zaune a babban ofis, mamaci yana buga min waya."

Kaka ta manta da kurumtarta. "A'uzubillahi!"

"Wallahi, Iya. Kowane mai waya da hannunsa, kamar yadda kowa ke da tafiyarsa. Na tashar gada gudu yake kamar an biyo shi. Na tashar rijiya tuntuɓe yake a kowane layi. Ɗanki kuwa, in ya zo bugun ƙarshe sai ya ja shi kaɗan, kamar mai rufe ƙofa kada jariri ya farka. Na halarci jana'izarsa. Bayan sati uku na ji an rufe min ƙofar nan a kunne."

Ya juya ga Akawu.

"Har yau ana rufe ta. Safe da yamma."

"Na... na karanta littattafansa sosai, ranka ya daɗe."

"Hannu ba a karanta shi a littafi."

Akawu ya ƙara danne hannun dama da na hagu.

Sufeto ya dubi Auta a karon farko.

"'Yata, kin girma, ranar jana'iza ban gan ki ba. Rabona da ke kina ƙarƙashin teburin nan kina wasa da ƙwallayen tagulla. A samo mana shayi."

Ta fita. A kicin ta zuba ruwa a buta, rabi ya zube a ƙasa. Kaka ta biyo ta tana jan takalmi.

"Ki tafasa shi sosai, ki yi tuntuɓe, ki juye masa a cinya. Jirgin la'asar ya kai shi asibiti."

"Kaka!"

"Shawara ce. Kyauta."

"Zai ce Akawu ya buga waya. Na san zai ce ya buga."

Ta san hannun Akawu fiye da nata. Kullum da safe ita ke tsoma shi a ruwan ɗumi, ta shafe shi da mai, ta murza daga wuyan hannu zuwa kan yatsu kamar yadda likitan birni ya ce. Kullum ta ɗora shi kan madanni, ya kaɗa kamar ganye, Akawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai gobe kuma." Yau babu gobe. Za a kore shi, a sa wa gidan kwaɗo, ta riƙo hannun tsohuwa mai shekara tamanin su tsaya a bakin layin dogo da akwati biyu.

"In aka kore mu ina za mu, Kaka?"

"Ke dai kai shayi. Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin sawa."

Ta dawo da tire. Teburin cike yake da takardu, ta shiga matsar da su don ta samu wuri. A tsakiyarsu ga ƙusar tagulla a kwance, wadda ke haɗa tashar da layi. In an zare ta, na'ura a ɗaki kaɗai take ƙara, babu tashar da za ta ji. Tun tana shekara tara babanta ya koya mata ba a barin ƙusar nan a waje ko na ƙiftawar ido, don ba ka san lokacin da jirgi zai nemi taimako ba. Hannunta ya ɗauka, ya mayar da ita raminta, ya koma kan kofuna. Ita kanta ba ta san ta yi ba.

Akawu bai gani ba, idonsa na ƙasa.

Sufeto ya karɓi kofi, ya kurɓa, ya buɗe littafin dokokin kamfani ya tura gaban Akawu.

"Na zare ƙusa ɗazu, mu kaɗai ne. Shafin nan. Buga min daga sama."

"Yanzu, ranka ya daɗe?"

"A'a, baɗi."

Auta ta ce, "Baba Sufeto, bai karya ba tukuna. Da ya ɗan sa wani abu a cikinsa..."

"Da ciki yake bugawa?"

"Jiya ya fama hannun da ƙofa."

"Wace ƙofa?"

"Ta... ta kicin."

"Kicin ɗinku labule gare shi, 'yata. Na sha shayi a cikinsa kafin a haife ki."

Ta ja baya ta jingina da bango, cokali a hannu. Akawu ya ɗaga hannun hagu daga kan na dama. Ya dube ta, wani irin kallo da ba ta gane ba, kamar shi ne mai neman gafara. Ya ɗora yatsu biyu a kan madanni.

Ta runtse ido.

Ƙarar ta fara.

Ba rawa. Ba tuntuɓe. Gajere, dogo, gajere, gajere, tsaf-tsaf kamar ruwan sama a kan kwano, kowane harafi da gurbinsa. Ya cinye layin farko, ya shiga na biyu, ya ƙara wuta. Ita da ake yabo a layi ba ta taɓa kai wannan saurin ba.

Ta buɗe ido. Cokalin ya faɗi ƙasa.

Da farko murna ce ta taso mata, har ta kusa yin guɗa. Sun tsira! Sai kunnenta ya gaya mata sauran. Wannan ba hannun da ya warke yau da safe ba ne. Hannu ne da aka daɗe ana horarwa. A ɓoye.

Ya kai ƙarshen shafi ya tsaya.

"Madalla," in ji Sufeto.

Auta ta ce, "Tun yaushe?"



Kaka daga bakin ƙofa ta ce, "Ai ni na sani. Shi ke zura min zare a allura in kin tafi kasuwa. Sau ɗaya, cas!"

"Kaka, kin sani?"

"Ni kurma ce, ba makauniya ba."

Auta ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Ruwan ɗumin da take dafawa kullum. Man da take murzawa, tana yi masa addu'a a zuci. Faɗuwar gaban da take yi duk lokacin da baƙuwar hula ta gifta. Ta ɗauki tiren, ta juya za ta fita.

Ƙwas, ƙwas-ƙwas.

*Tsaya.*

Akawu ne a kan madanni. Ƙafarta ta tsaya da kanta. Wata takwas da wannan harshen suke magana a gidan. Da cokali a gefen kofi in Kaka na zaune. Da ɗan yatsa a jikin bangon da ya raba ɗakunansu. *An ci abinci? Akwai sanyi, rufe taga.* Da baki kuwa, "ina kwana" da "sannu da aiki" ne iyakarsu. Ya saba duk gidan su biyu ne masu ji, har ya manta yau akwai kunne na uku a ɗakin.

*Wata biyu ke nan da ya warke.*

Ba ta juyo ba.

*Na so in faɗa. Kullum sai in tuna takardar. Ranar da ya warke, in sake ki. Ni na sa hannu, da hagu.*



*Rawar da kike gani da safe ta ƙarya ce. Na iya ta sosai. Ki yi fushi, kina da gaskiya. Amma ba na son birni, ba na son wani gida. Ina son ruwan ɗumin nan har in tsufa. Kada ki tafi.*

Sufeto ya ajiye kofinsa a hankali.

"Wace takarda?"

Akawu ya zabura, ya cire hannu daga madanni kamar ya taɓa garwashi.

"Innalillahi..."

"Shekara arba'in ina wannan aiki, yaro. Ka ɗauka kiɗa nake saurare?"

Kaka ta ce, "Me ya ce? Ke, me ya ce? Kullum ƙwas-ƙwas kamar kaji a kan faranti, ba mai fassara min."

Kafin wani ya amsa, na'urar ta ɗauki ƙara ita kaɗai. Ba wanda ya taɓa ta. Bugu ne mai gudu, haruffa na hawa kan juna. Na tashar gada.

*Kai! Kai! Wa ke kan layi? A maimaita wajen ruwan ɗumin, ban gama rubutawa ba!*

Akawu ya dubi ramin ƙusa. Auta ta dubi ramin ƙusa. Tana ciki, tana ƙyalli.

Wani bugun ya shigo yana tuntuɓe. Na tashar rijiya.

*Shekara ashirin ban ji saƙo mai daɗin wannan ba. Baiwar Allah ki yi haƙuri ki zauna.*

Wani kuma daga can ƙarshen layi: *Direban jirgin kaya na tambaya, ta amsa?*

*Ta amsa?*

*Ta amsa?*

Tasha goma sha ɗaya, kowa na ture kowa. Akawu ya kifa kai a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ka ce ka zare!"

"Na zare. Wani ya mayar."

Sufeto ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskanci Auta. Babu dariya a fuskarsa yanzu.

"Da gangan na ajiye ta a tsakiyar tebur. Matar akawu, in ta zo da shayi ta ga ƙusa, gefe take ture ta, ko ta tambaya ta mece ce. Mutum ɗaya ne ba ya iya ganinta a waje hannunsa bai mayar ba. Mai waya."

Ta ajiye tiren.

"Baba Sufeto, ai ka ji da kunnenka. Ya iya. Hannunsa lafiya."

"Lafiya ƙalau. Ya fi na kowa a layin nan. Shi ya sa na tabbata ba shi nake ji ba. Bugun ƙarshensa yanke shi yake kamar da almakashi. Ina mai rufe ƙofa a hankali?"

Akawu ya miƙe tsaye.

"Laifina ne. Ni na sa ta. Ka rubuta sunana."

"Ƙarya yake," in ji Auta. "Ni na kawo shawarar. Shi ko auren ma sai da ya kwana uku yana istihara."

"Kwana biyu."

"Uku. Ina jin takunka."

"To, yanzu kuma a kan wannan za ku yi?" in ji Sufeto. Ya buɗe jaka, ya fito da farar takarda mai hatimin kamfani, ya cire murfin alƙalami. "Ni abin da na gani nake rubutawa. Har yanzu ban ga mace a kan madanni ba. Na ga mace ta kawo shayi. Ki fita ki bar nan, in rubuta hannun akawu ya canza saboda ciwo, yanzu ya dawo daidai. Daga yau kar ki sake taɓa ta. Gida ya zauna, aiki ya zauna. Don babanki zan yi, ba don ku ba."

Kaka ta ce, "Alhamdulillahi! Ke, fito."

Auta ta taka ɗaya zuwa ƙofa. Na'urar na ta kuka a bayanta. *Ta amsa? Ta amsa?* Ta dubi Akawu. Yana tsaye, hannayensa biyu a sake, yana kallonta. Wata takwas bai taɓa iya haɗa mata magana uku da baki ba. Ita ma haka. Abin da ke ranta, in ta buɗe baki yanzu, "sannu da aiki" zai fito.

Kuma daga yau kar ta sake taɓawa. Shekara goma sha tara tana bugawa da sunan wasu, na babanta in idonsa ya gaji, sannan na mijinta.

Ta juyo.

"'Yata," in ji Sufeto. "Alƙalamina a buɗe yake."

"Na gani, Baba."

Ta zagaye Akawu, ta gyara zanenta a kan kujera, ta zauna. Ta ɗora yatsu biyu.

Bugu uku ta yi, ta ja na ƙarshe kaɗan. Layin ya mutu ɗif. Tasha goma sha ɗaya sun ji an rufe ƙofa a hankali, kuma kowa ya san ba mai saƙon ruwan ɗumin ba ne.

*Wata biyu,* ta buga, *ka bar ni ina ɓarnar itace da mai a kan lafiyayyen hannu.*



*Takardar tana ƙasan akwatina. Ka san inda ashana take. Amma ruwan ɗumi, daga gobe kai za ka dafa, ni za a...*

Wani bugu ya sare ta a tsakiya. Mai nauyi, mai sanyi, ba gaggawa. Duk mai waya ya san shi ko daga barci ya tashi. Babban ofis.

*A dakata. Hannu biyu muka ji daga tasha ɗaya. Littafinmu mutum ɗaya ya nuna. Wanda ke kan madanni ya faɗi sunansa.*

Kaka ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta daina tambaya.

Sufeto ya goge goshi da bayan hannu.

"Wannan ya wuce ni. Sunan da aka buga, shi zan rubuta."

*Muna jira,* in ji babban ofis.

Akawu ya sunkuyo da sauri, ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Tashi," ya ce da baki. "Bari in ce ni ne duka biyun. Don Allah, Auta."

Karon farko ke nan da ya kira ta haka. Hannunsa na kan nata, yana rawa. Ta san ta ƙarya yanzu, ta san ta gaske. Wannan ta gaske ce.

"Babana ya ce ba a yanke saƙo," ta ce.

Ta danna harafin farko na sunanta.